Manomi Na Goma Sha Huɗu

Malam Hamajoda ne ya goya wa burauzata ɗa.
"Kawo kwamfutar," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba.
Ya danna nan, ya danna can,
ya ce in sa lambar katina na ɗaliba.
Sai ga ɗan tambari a lungun sama, hannun dama,
bai kai ƙwayar gyaɗa ba.
"In ya yi toka, babu.
In ya yi kore, laburare ya riga ya biya."
Ya koma kan shayinsa.

Kafin wannan rana, ƙofa nawa na ƙwanƙwasa?
Maƙala ta leƙo, ta nuna mini goshi,
layi goma,
sannan a ce dala talatin da tara.
Ba dalar kasuwar Marwa ba, ta Amurka.
Na buga lissafi da sefa a bayan hannu:
kuɗin ɗakina ne na wata, har da na mai ruwa.

Daren Talata a Domayo,
fanka tana kwashe zafi daga wannan bango ta kai wancan,
Tasalla ta yi barci da takalmi ɗaya a ƙafa.
Na rubuta masakwa.
Toka.
Na sake, ko yatsana ne ya zame.
Toka.
Dawar da ta raine ni, wai ba a san ta ba.

Na rubuta yadda Fulanin Salak ke kiranta, muskuwari.
Na rubuta yadda kunnen Bafaranshe ya ji ta,
wasula sun cunkushe kamar fasinjan motar kasuwa.
Ɗan goyo ya motsa.
Kore.
Arba'in da ɗaya suka jeru,
wasu a kanta ta uku, bene na sama, in ji shi,
wasu a nan, yanzu, in ina so.

Na so.
Data tana tsiyaya kamar tulu mai tsaga,
na buɗe ta bakwai don ta fi sauran tsufa.
Shafi ya sauko a hankali, daga rawani zuwa ƙafa:
baƙar laka ta dare,
ramuka a jere,
wani mutum ya sunkuya da ƙwarya yana ba kowane rami kurɓi.
Fuska ba ta fito ba.
Ƙasan hoton an sa: Manomi na 14, shekara kimanin hamsin.

Na ƙara girman hoton har ya fara rugujewa.
Hannun hagu.
Ɗaya, biyu, uku, huɗu.
Wurin babban yatsa, fili.

Lauje ne ya ci shi, shekarar da jan baki suka sauka,
haka Inna take faɗa in tana tsefe mini kai.
Ban riske shi ba.
Gidanmu babu hotonsa, ko na katin haraji.

An rubuta ramuka nawa yake yi kafin azahar.
An rubuta nauyin zangarniyarsa, har da ɗigo da sifili.
An rubuta ya ce laka ba ta ƙarya,
mai dashe ne ke makara.
Wannan magana har gobe Baba yana yi mana ita
in mun daɗe a shimfiɗa.
Shafi ashirin da biyu,
aka rasa gurbin harafi biyar.

Ƙarfe ɗaya da kwata aka ɗauke wuta.
Fanka ta yi juyi uku ta haƙura.
Saura kashi tara a batir,
ɗan koren yana nan a lungunsa, bai san abin da ya yi ba.

Na sauke maƙalar.
Kwamfuta ta tambaye ni sunan da za a adana ta da shi.
Na goge dogayen lambobin da ta zo da su,
na rubuta Nomau.